Karatun Ƙuruciya da na Manyanta: Labaran Soyayya na Tarihi na Jurji Zaidan

Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan magana ta dace da ƙagaggun labaran da aka gina a kan tarihi aka saƙa soyayya a cikinsu, musamman na Jurji Zaidan, waɗanda samarin ƙasashen Larabawa suka tashi da karatunsu tun ƙarshen ƙarni na 19.

An haifi Zaidan a Bairut a 1861, ya koma Alƙahira, inda ya kafa mujallar Al-Hilal a 1892, ya rasu a 1914. A cikin wannan mujalla ya riƙa fitar da labaransa kashi-kashi, har suka haura 20. Manufarsa ita ce koyar da tarihin Musulunci ga mutanen da ba su da haƙurin karanta manyan littattafan malamai. Saboda haka sai ya kan ɗauko masoya biyu, ya jefa su cikin wani babban al'amari, yadda mai karatu zai bi sawunsu ya ƙaru da sanin zamaninsu.

Alal misali, a littafinsa na Abbasa ƙanwar Haruna Rashid, wanda ya fito a 1906, an nuna cewa halifa ya ɗaura wa Abbasa aure da wazirinsa Ja'afar Barmaki bisa sharaɗin ba za su kaɗaita ba. Suka karya sharaɗi, aka sami haihuwa a ɓoye, asiri ya tonu. Yaro mai shekara 15 ba abin da zai tsaya masa a rai sai tausayin masoyan nan da jin haushin halifa. A wurinsa, soyayya ce ta jawo aka fille wa Ja'afar kai a shekarar 803.

Idan ya manyanta ya sake ɗaukar littafin, sai ya fara tambayar inda labarin ya samo asali. Zai tarar Ɗabari ya kawo shi a tarihinsa, amma Ibn Haldun ya ƙaryata shi a Muƙaddima. A ganin Ibn Haldun, abin da ya rushe gidan Barmaki shi ne sun mamaye mulki da kuɗin haraji, har suka rufe halifa. Ga wanda ya ga yadda sarakuna ke yi da barorin da suka yi ƙarfi, wannan bayani ya fi shiga hankali, domin an ɗaure Yahaya mahaifin Ja'afar da ɗan'uwansa Fadlu, aka kuma ƙwace dukiyarsu, alhali ba su da hannu a maganar aure.

Haka kuma babba zai lura da matsayin marubucin kansa. Zaidan Kirista ne da ke rubuta tarihin Musulmi. A 1910 Jami'ar Masar ta gayyace shi ya koyar da tarihin Musulunci, daga baya ta janye saboda ƙorafin da aka yi. A 1912 kuma Shibli Nu'umani, malamin ƙasar Hindu, ya yi masa raddi, yana zarginsa da rage darajar Banu Umayya a littafinsa na tarihin wayewar Musulunci.

Duk da haka bai kamata a raina karatun ƙuruciya ba. Yawancin waɗanda suka kai ga buɗe Ɗabari da Ibn Haldun don bincika gaskiyar maganar Abbasa, tausayinta ne ya fara sa su son sanin Bagadaza. Haɗarin yana ga wanda ya tsaya a karatun farko, ya girma yana ɗaukar ƙagen marubuci a matsayin tarihi, har ya koya wa 'ya'yansa haka.