Tarihin Baƙin Malaman Turanci a Ƙasar Japan

Duk wanda ya yi nazarin yadda Turanci ya shiga Japan zai tarar da ta'ada guda wadda ba ta sauya ba tun farko, wato mutanen ƙasar, ko da yake sun daɗe suna ɗaukar baƙo ijara don ya koya wa 'ya'yansu harshensa, ba safai suke miƙa masa ragamar makaranta ba.

Asalin al'amarin kuwa tsoro ne ya haife shi. Fiye da shekara 200 hukumar Japan ta kulle ƙofofinta, ba ta yarda da mu'amala da kowane Bature ba sai fataken Holan, waɗanda aka killace a ɗan tsibirin Dejima da ke Nagasaki. Ana nan a haka, sai a 1808 wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Phaeton ya kutsa cikin mashigar Nagasaki yana ɗauke da tutar Holan don yaudara, ya karɓi guzuri da ƙarfi, ya fice. Da mahukunta suka ga irin wulaƙancin da jahiltar harshen abokin gaba ya jawo musu, sai suka umarci tafintocinsu su koyi Ingilishi, har suka wallafa ƙamus a 1814. Amma da yake daga bakin mutumin Holan suka ɗauko shi, lafazinsu bai daidaita ba.

Malami na farko wanda Turanci ne harshen gidansu, a matsayin fursuna ya yi aikinsa. Sunansa Ranald MacDonald, an haife shi a 1824 a yammacin Amurka ta Arewa, ubansa mutumin Sikotilan, uwarsa kuwa 'yar wani sarkin ƙabilar Cinuk. A 1848 ya sauka daga jirgin masu farautar manyan kifayen teku, ya shiga ƙaramin kwalekwale shi kaɗai, ya isa tsibirin Rishiri da sunan wai jirginsa ne ya nutse, alhali kuwa da gangan ya zo, ya ma riƙo littattafai. Aka kama shi, aka kai shi Nagasaki, aka tsare shi a wani ɗaki na gidan ibada, inda tafintoci 14 suka riƙa zuwa suna zama gabansa, suna karantawa yana gyara musu lafazi, shi kuma yana rubuta kalmomin Japananci da yake tsinta daga bakinsu. Bayan 'yan watanni, a 1849, aka sallame shi a wani jirgin Amurka. Fa'idar wannan gajeren karatu ta bayyana a 1854, sa'ad da Perry, kwamandan sojan ruwan Amurka, ya zo da jiragen yaƙinsa don ƙulla yarjejeniya, domin Moriyama Einosuke, wanda ya fi kowa hazaƙa cikin almajiran MacDonald, yana cikin manyan tafintocin da suka tsaya tsakani.

Da mulki ya koma hannun Sarki Meiji a 1868, sai hukuma ta shiga ɗauko masana daga Turai da Amurka bisa albashi mai tsoka da wa'adi ƙayyadadde, tana kuma aika samarinta ƙetare neman ilmi, da nufin duk ranar da suka komo su gaji kujerun baƙin. Misali mafi bayyana shi ne na Lafcadio Hearn, wanda ya isa a 1890, ya fara koyarwa a makarantar midil ta Matsue, wani gari mai nisa da babban birni, ya auri 'yar gari, ya karɓi sunan Koizumi Yakumo, ya kuma rubuta littattafai masu yawa a kan ƙasar. Duk da wannan cuɗanya, da ƙaunar da ɗalibansa suka yi masa a Jami'ar Tokyo, a 1903 aka maye gurbinsa da Natsume Soseki, wanda bai daɗe da komowa daga Landan ba. Hausawa dai sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

A kan wannan ƙa'ida aka gina shirin JET, wanda gwamnati ta buɗe a 1987 da mutum 848 daga Amurka da Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan, ya kuma bunƙasa har ya zama dubbai ne ke cikinsa kowace shekara. Galibinsu samari ne da 'yan mata da suka gama jami'a, kuma muƙaminsu na mataimaki ne, suna shiga aji tare da malami ɗan ƙasa wanda manhaja da jarrabawa ke hannunsa. Wa'adin kuwa shekara guda ne, ana iya sabunta shi har zuwa biyar. Da yake yawancinsu a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta suke sauka, lokacin da makarantu ke hutun bazara, sabon malami yakan sami kansa a wani ƙauye na manoman shinkafa ko masunta, yana yini a ofishin hukumar ilmi ba ɗalibi ko ɗaya gabansa, yana shirya darasin gabatar da kansa, yana haddace gaisuwa, yana koyon ladubban wurin, kamar tuɓe takalmi a ƙofar makaranta, da cin abincin rana tare da yara, da riƙe tsintsiya idan sun tashi sharar azuzuwansu.

Bilhasali, wannan zaman jira shi ne rabin aikin, domin a ƙaramar makaranta, inda kowa ya san kowa, halin malami ake fara karantawa kafin a saurari nahawunsa. Saboda haka wanda Allah ya nufa da zuwa koyarwa a ƙasar wasu, ya kyautu ya san iyakar matsayinsa, ya girmama malaman da ya tarar, ya kuma ba da abin da ya zo da shi da ikhlasi kafin wa'adinsa ya cika.