Daga allura zuwa keken surfani: taƙaitaccen tarihi

Tun kafin keken ɗinki ya iso ƙasar Hausa, surfanin babbar riga sana'ar maza ce, galibi malamai da almajiransu. Malami ne ke zana aska biyu ko aska takwas a gaban riga da alƙalami da tawada, almajiri kuwa ya bi zanen da allura da zaren tsamiya ko alharini. Riga guda takan ci watanni, shi ya sa ta zama tufar sarakuna da attajirai, kuma kyautar da sarki ke yi wa wanda ya naɗa.

A Turai aka fara neman gajarta wannan wahala. A shekarar 1828 Josué Heilmann, mutumin Mulhouse ta Faransa, ya ƙera injin da ke sarrafa allurai masu yawa lokaci guda. A 1863 Isaak Gröbli na ƙasar Suwis ya fito da wani mai aiki da ƙoshiya irin ta masaƙa. Waɗannan duka na masana'antu ne. Wanda ya shiga shagon tela shi ne keken da Bonnaz ya ƙirƙiro, kamfanin Cornely ya riƙa ƙera shi a Paris. Allurarsa ƙugiya ce, tana yin ɗinkin sarƙa, kuma tela na juya ta da wani maɗauri da ke ƙarƙashin teburi. A ƙarni na 20 telolin Afirka ta Yamma suka rungume shi, tare da keken Singer mai ɗinkin zigizaga. Aikin watanni ya koma na kwanaki, talaka ma ya sa riga mai ado ranar salla.

A 1990 kamfanin Janome na Japan ya fitar da keken surfani na gida mai kwamfuta. A nan zanen yana cikin ƙwaƙwalwar injin, aikin mutum kawai ya ɗaure yadi a tangaran ya sauya zare.

Wannan tarihi yana da amfani ga ƙungiyar mata ko cibiyar koyon sana'a da ke shirin sayen keke. A duba faɗin tangaran, domin na gida bai kai gaban babbar riga ba. A tambaya ko akwai mai gyara da kayan gyara kusa, a kuma tuna da ɗaukewar wutar lantarki. Tambaya mafi nauyi ita ce: shin keken yana karɓar zanen da aka shigar masa? Furannin da yake zuwa da su an zana su ne a wata ƙasa. Aska takwas da tambari ba za su shiga ƙwaƙwalwarsa ba sai in mun je wurin tsofaffin mazana, tun suna raye, mun kwafi zanensu tare da sunayensa.