Zafi ko Ƙwayar Cuta? Gurbin Bayanin Gida a Koyar da Musabbabin Sanƙarau ga Ɗaliban Bayoloji na Babbar Sakandare

Tsakure

Wannan maƙala tana ƙalubalantar koyar da cututtuka masu yaɗuwa ta hanyar jadawali, inda ake bai wa kowace cuta musabbabi guda. Ta ɗauki sanƙarau misali, ta nuna cewa bayanin da ɗalibi ke zuwa da shi daga gida, wai zafi ne ke kawo cutar, yana da gurbi a cikin bayanin kimiyya, kuma malami na yin asara idan ya kore shi.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Posner da abokan aikinsa (1982) sun ce ɗalibi ba ya sakin tsohuwar fahimta sai ta daina gamsar da shi, sabuwar kuma ta fahimtu, ta kwanta masa a rai, ta yi masa amfani. Masu bin wannan ra'i sukan ɗauki bayanin gida a matsayin kuskuren da za a tumɓuke. To amma sharaɗin farko ba ya cika a yankin Sahel. Kowace shekara zafi na shigowa, masu sanƙarau na ƙaruwa, damina na sauka cutar ta lafa. Me zai sa ɗalibi ya yi shakkar abin da idonsa ke tabbatarwa? Jegede (1995) ya fi kusa da gaskiya da ya ce ɗalibin Afirka kan riƙe bayanan biyu, na gida da na kimiyya, gefe da gefe, sai dai hakan bai wadatar ba a lamarin da ya shafi karɓar allurar rigakafi.

Hanyar Bincike

An gwada yadda jadawalin cuta, ƙwaya, alamomi da rigakafi ke gabatar da sanƙarau da abin da ilimin annoba ya tabbatar a kansa.

Sakamako

Jadawalin bai yi ƙarya ba. Tun 1887 Weichselbaum ya gano ƙwayar Neisseria meningitidis a Biyana. Abin da jadawalin ya bari shi ne, kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita a hanci da maƙogwaro, yana yawonsa lafiya ƙalau. Wannan kaɗai ya isa ya rusa tunanin cewa ƙwaya na shiga, cuta ta tashi. Har ƙa'idar farko ta Koch, wadda ke neman a rasa ƙwayar a jikin mai lafiya, ba ta tsaya a nan ba.

Lapeyssonnie (1963) ya bayyana zirin ƙasashen da annobar sanƙarau ke yawan aukuwa, wanda a yau ake lissafawa daga Senegal zuwa Habasha. Lokacinta daga Disamba ne zuwa Yuni. Busasshiyar iska da ƙurar hunturu kan raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, cunkoso a ɗaki maras iska kuma ya sauƙaƙa yaɗuwarta ta tari da atishawa. Annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, a wannan zangon ta faɗo. Ashe tsohuwar da ke hana yara kwana a cushe lokacin bazara tana da hujja, ƙwayar ce kawai ba ta cikin lissafinta.

Nan ne malami zai kama. Ya tambayi ajin: zafi bai ragu ba bayan 2010, me ya sa nau'in A na ƙwayar ya kusa ɓacewa tun da aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar? Me ya sa nau'in C ya ɓarke a Nijar a 2015, da Zamfara da Sakkwato a 2017? Zafi ba ya bambanta A da C. Ɗalibi zai gane da kansa cewa ƙwayar wajiba ce, yanayi kuwa mataimaki ne, kamar yadda Rothman (1976) ya fasalta musabbabi a matsayin haɗuwar sassa.

Iyakokin Bincike

Ba a gwada wannan tsari a aji ba, kuma cuta ɗaya aka duba. Za a iya cewa ba kowane bayanin gida ke ɗauke da gaskiya irin wannan ba. Haka ne, jita-jitar da ta dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ba ta da gurbi a kimiyya, kuma tana buƙatar nata nazarin daban.