Sakamakon zaɓen ƴan majalisa a gundumomin Tawa, daga 1957 zuwa 2020

Wanda ya buɗe jadawalin sakamakon zaɓen ƴan majalisar dokoki na jahar Tawa zai tarar da sunayen gundumomi a jere: Ƙonni, Madawa, Buza, Keita, Illela, Tawa, Abalak, Cintabaradan, kowace da yawan mutanen da aka rubuta, da waɗanda suka jefa ƙuri'a, da abin da kowace jam'iyya ta samu. Da Faransanci aka tsara jadawalin. Su kuwa mutanen da aka ƙidaya a ciki, da Adaranci da Tamajak da Fillanci da Larabci aka roƙi ƙuri'arsu. Saboda haka ba a iya fahimtar waɗannan alƙaluma sai an san ta bakin wa maganar zaɓe ta isa kunnen talaka, kuma da wane harshe.

Kafin a shiga tarihin, wajibi ne a lura da cewa gundumomin kansu sun sha canji. A zamanin Nasara ƙasar tana rabe ne tsakanin kwamandan na Tawa da na Ƙonni da na Madawa, makiyayan arewa kuma suna da nasu reshen mulki dabam. Gyaran 1964 ne ya haɗa su cikin jaha guda. A 2011 aka ƙara Bagaruwa da Malbaza da Tasara da Tilliya. Wanda ya gwada alƙaluman "Tawa" na 1957 da na 2016 kai tsaye, ya gwada ƙasa biyu ne masu suna ɗaya.

Zaɓe na farko da kowane baligi, namiji da mace, ya sami ikon shiga shi ne na 31 ga Maris 1957, bisa ga dokar Defferre ta 23 ga Yuni 1956. Kujeru 60 ake nema a majalisar Nijar. Jam'iyyar Jibo Bakari, wadda jama'a suka sani da Sawaba, ta ɗauki 41, PPN-RDA ta Diori Hamani ta sami 19. Shi Jibo Bakari a Tawa aka zaɓe shi. Ko da yake an haife shi a Sudure, kusa da Yamai, a Tawa ya fara lekkol, a Ƙonni kuma ya yi aikin koyarwa, watau da Hausa yake yi wa Adarawa magana ba tare da tafinta ba. Sunan jam'iyyar ma kalma ce da kowa ya sani, ga shi kuma ƴan NEPU na Kano sun riga sun ɗaga ta tun 1950, fatake da ƴan cin rani suna kai ta suna kawo ta ta hanyar Ƙonni da Sakkwato.

Amma ba kalma kaɗai ta kawo kujeru 41 ba. A ƙarshen 1956 jam'iyyar ta haɗe da BNA, wadda sarakuna da yawa ke goyon baya. A ƙasar da masu karatun boko ba su taka kara sun karya ba, sarki da masu gari su ne ke tara mutane, su ne ke nuna takardar da za a jefa. Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Da Jibo Bakari ya nemi a ce "a'a" a zaɓen raba-gardama na 28 ga Satumba 1958, sai Faransa ta aiko sabon gwamna, Don Jean Colombani, sarakuna kuma suka juya baya. "I" ta sami kashi 78 cikin ɗari, alhali waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin ɗari na waɗanda aka rubuta ba. A zaɓen ƴan majalisa na 14 ga Disamba 1958, ƙawancen da PPN-RDA ke jagoranta ya sami kujeru 49, Sawaba 11, dukansu a Damagaram da Tasawa, su ma daga baya aka soke su. Tawa, wadda ta zaɓi shugaban Sawaba, ta kuɓuce masa cikin wata 20 da ƴan kwanaki. Da wuya a ce ra'ayin manoman Adar ne ya juye da irin wannan sauri. Abin da ya fi kama hankali shi ne masu isar da magana ne suka canza wuri, mulki kuma ya sa nauyinsa gefe ɗaya.

Bayan hana Sawaba a Oktoba 1959, jadawali ya daina faɗin kome game da bambancin gundumomi. A 1965 da 1970 jeri guda aka miƙa wa jama'a, PPN-RDA ta kwashe kujeru 50 duka. Daga juyin mulkin Seyni Kunce na 15 ga Afrilu 1974 babu majalisa sam, sai a Disamba 1989, lokacin da MNSD ita kaɗai ta cike kujeru 93.

Taron ƙasa na 1991 ne ya dawo da takara. A zaɓen 14 ga Fabrairu 1993, cikin kujeru 83, MNSD ta sami 29, CDS 22, PNDS 13, ANDP 11. Tun daga nan jahar Tawa ta zama tungar PNDS, jam'iyyar Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, wanda jahar ta yi ta aikawa majalisa kafin ya zama shugaban ƙasa a 2011. Jam'iyyar ta tashi daga kujeru 12 a 1995 zuwa 16 a 1999, ta kai 75 cikin 171 a 2016. Wannan riƙo ya bambanta da na Sawaba, domin ya daɗe kusan shekara 30, kuma a yawancin rabin farko na shekarun nan jam'iyyar tana adawa ne, ba ta da gwamna ba ta da kwamanda.

A nan akwai kuskuren da masu bincike kan yi. Daga 1993 zuwa 2020 jaha gaba ɗaya ita ce mazaɓa. Kowace jam'iyya tana ba da jeri guda na ƴan takara, a tara ƙuri'un dukan gundumomi, sa'an nan a raba kujeru gwargwadon abin da kowa ya samu. A 2016 kujeru 30 aka ware wa jahar ta wannan hanya. Ke nan Keita ko Buza ba ta da ɗan majalisa nata bisa doka, sai dai in jam'iyya ta ga dama ta sa ɗan ƙasar a jerinta. Kuma da yake kudu ta fi cika da jama'a, ƙuri'un Madawa da Ƙonni da Illela sukan danne na arewa.

Arewacin Adar, inda gonaki ke ƙarewa Azawak ta fara, lamarinsa dabam ne. Don kada ƙananan al'ummu su ɓace cikin lissafi, an ware mazaɓu na musamman guda 8 a faɗin ƙasa, kowace da kujera ɗaya. Ta jahar Tawa ita ce Tasara, inda Larabawa suke. Abzinawan Abalak da Cintabaradan kuwa cikin babban jeri suke jefawa. Zaɓen 1993 da na Janairu 1995 an yi su ne tawaye yana ci, bayan abin da ya faru a Cintabaradan a Mayu 1990 kuma kafin sulhun 24 ga Afrilu 1995. Alƙaluman arewa na waɗannan shekaru da wannan ido ya kamata a dube su.

Sai kuma batun lokaci, wanda ba a cika kula da shi ba. Ga ranakun: 14 ga Fabrairu 1993, 12 ga Janairu 1995, 24 ga Nuwamba 1999, 4 ga Disamba 2004, 31 ga Janairu 2011, 21 ga Fabrairu 2016, 27 ga Disamba 2020. Dukansu bayan kaka ne, lokacin da samarin Adar suka tafi biɗa Abijan ko Nijeriya ko Libiya, makiyaya kuma suka bi rijiyoyi. In an ga gundumar da fitowar jama'a ta yi ƙasa, sai a fara tambayar su wa ke gida a wannan wata, kafin a ɗora laifi kan jahilci.

Jam'iyyun sun gane tun farko cewa haruffan Faransanci ba su zama a bakin jama'a. Shi ya sa kusan kowace ta ɗauki laƙabi: Tarayya, Rahama, Nassara, Jama'a, Lumana, Amana, Zaman Lahiya. Rubutun ma yana da abin lura. "Lahiya" da h furucin Hausar yamma ne, irin na Adar, wanda ya shiga takardun hukuma yadda yake. "Nassara" kuwa, s biyu ɗin al'adar rubutun Faransanci ce. Nasara ake nufi, wadda tsawon wasali da karin sauti suka raba ta da Nasara Bature. Mai zaɓe da laƙabi da launi yake aiki: a Tawa an fi sanin PNDS da Tarayya da launinta na hoda.

Duk da haka, ƙofar majalisa ta boko ce. Kundin tsarin mulki na 2010 ya wajabta kashi 75 cikin ɗari na ƴan takarar kowane jeri su kasance da takardar BEPC, watau shaidar ƙare kwaleji, kuma gabanin zaɓen 2011 an yi watsi da jeri da dama. Wanda ya iya karatu da Hausa a ajin yaƙi da jahilci, ko da ajami, ko da tifinag, a idon wannan doka yana cikin ragowar kashi 25 ne.

Zaɓen 2020 shi ne na ƙarshe kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. A Maris 2025 aka rushe jam'iyyu, sabuwar dokar ƙasa kuma ta sa Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Aikin da ke gaban masu bincike a Adar shi ne tattara kalmomin zaɓe da labarinsa daga bakin waɗanda suka gani, gunduma gunduma, da Adaranci da Tamajak. Aikin na gaggawa ne, domin mafi ƙanƙanta cikin waɗanda suka cika shekara 21 suka jefa ƙuri'a a 1957, a wajen 1936 aka haife shi.