Daga Ƙauye zuwa Lardi: Wa Ke Riƙe da Karkarar Polan?

Arewa maso yamma da birnin Krakow, tafiyar kimanin kilomita talatin, akwai wani ƙauye mai suna Sułoszowa. Gidajensa na jere ne dama da hagu a bakin hanya guda mai tsawon kusan kilomita tara, a bayan kowane gida kuma gonar mai shi ta miƙe siririya kamar ƙyallen sawaye. A takardun hukuma ba a ambaton sunansa shi kaɗai. Sai an ce ƙauyen Sułoszowa, a gmina ta Sułoszowa, a powiat na Krakow, a lardin Małopolska. Dalilin wannan jerin na farko a fili yake: sunayen ƙauyukan Polan suna maimaita kansu. Yadda Sabon Gari ya cika ƙasar Hausa, haka Nowa Wieś, wato Sabon Ƙauye, ya cika ƙasarsu, kuma wasiƙar da ba ta ɗauke da sunan gmina tana iya sauka a wani gari daban. Amma jerin ya wuce adireshi. Yana nuna wanda ke gyara hanya, da wanda ke biyan malamin firamare, da wanda manomi zai kai wa kuka.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, ƙarfin mulkin karkara a Polan ba daga manyan matakan sama ya fito ba, domin su an sha rushe su ana sake ginawa. Ya fito ne daga abu biyu: wata tsohuwar kujera da ta ƙi mutuwa a cikin ƙauye, da kuma shawarar da aka yanke a 1990 ta damƙa wa ƙaramar hukuma dukiya da kuɗinta na kanta. Inda tsarin yake ɗingishi kuwa, to a tsakanin waɗannan biyun ne.

Tsarin da ake kai yau ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1999, zamanin firaminista Jerzy Buzek. Akwai larduna 16, waɗanda suke kira województwo. Kowanne na da wakilin gwamnatin tsakiya da firaminista ke naɗawa, da kuma zaɓaɓɓiyar majalisa mai kula da raya lardi. Ƙarƙashinsu akwai powiat 314, ban da birane 66 masu matsayin powiat. Wannan mataki shi ke riƙe da makarantun sakandare, da asibitin yanki, da rajistar motoci, da ofishin masu neman aiki. Sai gmina, wadda yawanta ya kusa 2,500, fiye da rabi na karkara ne zalla. Ita ce ƙaramar hukuma ta ainihi: firamare, ruwan famfo, kwashe shara, ƙananan hanyoyi, tallafin marasa galihu da tsara filaye duk a wuyanta suke. Shugaban gmina ta karkara sunansa wójt, kuma tun 2002 jama'a ke zaɓensa kai tsaye.

Dattijon da aka haifa a ƙauye a 1945 ya ga an sauya masa adireshi sau huɗu ba tare da ya matsa ko taku ɗaya ba. A 1954 gwamnatin kwaminisanci ta soke gmina ta kafa ƙananan yankuna fiye da dubu takwas da ake kira gromada. Suka kasa ɗaukar nauyin kansu, aka yi ta haɗe su, har aka dawo da gmina a farkon 1973. A 1975 aka soke powiat gaba ɗaya, aka yayyanka ƙasar zuwa larduna 49. A 1999 aka mayar da powiat, aka rage lardunan. Kafin duk wannan ma, tsakanin 1772 da 1795, Rasha da Furusiya da Ostiriya sun raba ƙasar a tsakaninsu, kowacce ta shimfiɗa nata salon mulkin ƙauye, kuma ba a haɗa su ƙarƙashin doka ɗaya ba sai 1933.

Wanda ya tsallake duk wannan guguwa shi ne sołtys. Mai karatu zai iya kwatanta shi da dagaci, ko da yake akwai bambanci babba da za mu zo kansa. Kalmar daga Jamusanci aka aro ta, kujerar kuma ta samo asali a ƙarni na 13, lokacin da sarakuna da masu manyan filaye ke neman mutanen da za su sare daji su zauna. Mai filin yakan yi yarjejeniya da wani mutum guda wanda zai tara manoma, ya auna gonaki, ya raba. Ladansa gona mai faɗi, da izinin kafa injin niƙa da gidan saukar baƙi, da wani kaso na haraji da na tarar shari'a, kujerar kuma ta zama gadon gidansa. Irin wannan awo ne ya haifar da dogayen gonakin Sułoszowa. Sababbin zuwa kuma ana yafe musu haraji na wasu shekaru har gona ta kama, abin da ya sa ɗaruruwan ƙauyuka ke ɗauke da sunan Wola ko Wólka, daga kalmar da ke nufin 'yanci. Ɗaya daga cikinsu, Wola Kalinowska, tana cikin gmina ta Sułoszowa.

Arzikin sołtys ya tsone wa masu filaye ido. Dokar Warta ta 1423 ta ba su ikon saye kujerar daga hannun duk wanda suka ce ba shi da amfani ko mai taurin kai ne, kuma sannu a hankali ya koma yaron maigida mai tura talakawa aikin gandu. A ɓangaren da Rasha ta mamaye, dokar sarki Alekzanda na biyu ta 1864 ta mallaka wa manoma gonakin da suke nomawa, ta kuma raba shugabancin gmina da masu filaye. Ba don tausayi aka yi ba: ana tsakiyar tawayen da ya ɓarke a 1863, sarkin na neman raba manoma da 'yan tawaye. Duk da haka, abin da aka bayar don siyasa ya zauna.

Yau sołtys ba ya gadon kujera, ba a kuma naɗa shi daga sama. Taron mutanen ƙauye ne ke zaɓensa a ƙuri'ar sirri, tare da 'yan majalisar da za su taya shi. Yankinsa shi ne sołectwo, kuma akwai kimanin dubu arba'in a ƙasar. Ƙauye mai tsawo kamar Sułoszowa an raba shi uku, kowane kashi da nasa. Ana gane gidansa da jan allo a bango. Yana kiran taro, yana kai koke, a wurare da yawa yana karɓar harajin gona, wanda har yanzu da farashin hatsin rai ake lissafa shi. Yana iya zama a majalisar gmina, amma ba shi da ƙuri'a. Abin lura kuma, mata sun haura kashi 40 cikin 100 na masu riƙe da wannan kujera.

Sai dai kujera ba kuɗi ba ta gina rijiya. Juyin da ya sauya karkara shi ne dokar 8 ga Maris 1990, wadda masana irin su Jerzy Regulski da Michał Kulesza suka shafe shekaru suna shiryawa tun kafin faɗuwar kwaminisanci. An yi zaɓe ranar 27 ga Mayu na wannan shekara. Gmina ta zama mai zaman kanta a idon shari'a: tana mallakar kadara, tana da kasafi, tana iya kai gwamnatin tsakiya ƙara. Tsarin mulkin 1997 ya tabbatar da hakan. Harajin gidaje da na gona nata ne, tana kuma da rabo a harajin kuɗin shigar mazaunanta. Da Polan ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayu 2004, kuɗin raya karkara ya tarar da hukumomin da suka riga suka iya rubuta kasafi da kare shi a gaban masu binciken kuɗi. A ganina wannan shi ne sirrin, ba yawan kuɗin ba.

Mu a Najeriya da muke da ƙananan hukumomi 774 ga mutane fiye da miliyan 200, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, mun san nauyin wannan magana. A Polan, mai mutane kimanin miliyan 38, gmina guda a matsakaici ba ta wuce mutum dubu goma sha biyar da 'yan kai ba. Wójt yakan haɗu da masu zaɓensa a coci da kasuwa kowane mako.

To ina gurguntar take? Sołectwo ba shi da matsayin kansa a shari'a. Doka ta kira shi mataimakin gmina ne kawai: majalisar gmina ke ƙirƙirarsa, ita ke rubuta masa ƙa'idoji, ba ya mallakar ko ɗakin taron da mutanensa suka gina da guminsu. Don rage wannan giɓi aka kafa asusun ƙauye a 2009, aka sake fasalinsa a 2014. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba yawan mutanen ƙauye da ɗari, a ƙara biyu, a ninka da abin da gmina ke samu a kan kowane mazauni. Ƙauye mai mutum 300 zai sami ninki biyar, kuma ba a wuce ninki goma. Taron ƙauye ke yanke abin da za a yi da kuɗin, ya miƙa wa wójt kafin ƙarshen Satumba. Fitilun hanya, rufin ɗakin taro, filin wasan yara, kayan 'yan kwana-kwanan sa kai, bikin kaka da suke kira dożynki: irin ayyukan ke nan. Gwamnatin tsakiya tana mayar wa gmina wani kaso, mafi yawa ga matalauta.

Kuɗin kaɗan ne, kuma akwai masu cewa wasa ne da hankalin talaka, a ba shi fitila ya yi gardama a kai alhali ana rufe masa makaranta a ofishin gmina. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ban yarda da ita duka ba. Mutumin da ya zauna ya yi jayayya da maƙwabcinsa a kan kwalbati, ya kaɗa ƙuri'a, ya ga an yi aikin, ya koyi tambayar inda sauran kuɗin suka shiga. Aibin da na fi gani shi ne asusun ba dole ba ne. Majalisar gmina ce ke yanke shawara kafin ƙarshen Maris ko za ta ware shi ko a'a, don haka haƙƙin ƙauye ya rataya ne a kan yardar waɗanda ya kamata ya sa wa ido.

Kuma wurin da ƙauye yake a taswira yana yanke masa hukunci fiye da kowace doka. Ƙauyukan da ke kewaye da Warso da Poznań da Krakow suna cika da ma'aikatan birni, harajinsu na ƙaruwa. Na gabas, kusa da iyakar Belarus da Yukren, matasa na ficewa, tsofaffi na raguwa, motar haya ta daina zuwa da yawansu. A arewa da yamma, yankunan da aka karɓa daga Jamus a 1945, gwamnati ta kafa manyan gonakinta, da aka rushe su bayan 1991 kuma aka bar ma'aikatansu a gidajen bene tsakiyar daji ba gona ba sana'a. Doka ɗaya ce ke mulkin dukkansu, amma tsarin da ya dogara da harajin mazauna ba ya yi wa wanda mazaunansa suka tafi adalci. 'Yancin cin gashin kai ma yana da haɗarinsa. Gmina ta Ostrowice, a lardin Pomeraniya ta Yamma, ta ci bashin da ya fi ƙarfinta, har gwamnati ta soke ta ranar 1 ga Janairu 2019, aka raba ƙauyukanta tsakanin Drawsko Pomorskie da Złocieniec.

A 2023 majalisar dokokin ƙasar ta amince a riƙa biyan tsofaffin sołtys da suka daɗe a kan kujera zuloti 300 a wata idan sun kai shekarun ritaya. Karramawa ce da ta dace, amma mutumin aka karrama, ba ƙauyen ba. Gyaran da ya rage shi ne a mayar da asusun ƙauye wajibi a kan kowace gmina, a kuma ba sołectwo ikon riƙe ɗakin taronsa da sunansa.