Faifai da Allura: Aikin Ɗakin Adana Waƙoƙi a Libreville

A 'yan shekarun nan, yayin da ragowar ma'aikatan da suka riƙe ɗakunan adana faifai na gidajen rediyon Libreville suke ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, sai ga wasu matasa sun taso suna yabon faifan garmaho, suna cewa sautinsa ya fi na dijital ɗumi, har suna ɗaukar ƙarar tas-tas da allura ke yi a kan tsohon faifai a matsayin ado. Wannan yabo bai yi wa tsofaffin ma'aikatan daɗi ba, domin ƙarar da ake yabo a yau ita ce suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna yaƙi da ita, kuma a zamaninsu duk wanda ya bari ta fita a iska ya san zai amsa tambaya a gaban shugaban shirye-shirye. Abin da ya tafi tare da faifai, wanda ya cancanci a yi kewarsa, shi ne horon kunne da na hannu, da kuma sanin asalin kowace waƙa.

Sana'ar ta kai ganiyarta ne bayan 1981, shekarar da gidan rediyon Africa N°1 ya fara watsa shirye-shirye daga Libreville, yana aika su ta manyan na'urorin gajeren zango da ke Moyabi a kudu maso gabashin Gabon, ta yadda waƙar da aka ɗora a kan injin faifai a bakin teku za a ji ta a Dakar da Yamai da Kinshasa a lokaci guda. A shekarun nan ne aka buɗe ɗakin ɗaukar sauti na Mademba, mawaƙa daga ƙasashe dabam-dabam suka riƙa zuwa birnin, kuma faifan Franco da na Tabu Ley suka zauna a kanta ɗaya da na Hilarion Nguema da na Pierre Akendengué, wanda kamfanin Saravah na Paris ya fitar da kundinsa Nandipo a 1974. Da yake faifai kaya ne da ake shigowa da shi daga waje da tsada, kwafi ɗaya da ya lalace yana iya nufin waƙar ta ɓace daga iska na tsawon watanni.

Babban abokin gaban faifai a Libreville shi ne laima, domin birni ne da ruwan sama ke kusan kai milimita 3,000 a shekara, kuma fumfuna tana shiga cikin tsagar faifai, wato siririn layin da allura ke bi tana karanta sauti, ta ci kwalin da aka saka shi, ta manne takardar ciki da jikinsa. Saboda haka ba a kwantar da faifai, tsayar da shi ake yi a tsaye ba tare da an matse shi ba, ba a kama shi sai ta baki da tsakiya, kuma kafin a ɗora shi sai an karkata shi a ƙarƙashin fitila an duba. Nauyin allura a kansa gram biyu ne zuwa huɗu gwargwadon irinta, amma masu mashaya a Akebe da Lalala sukan ɗora mata kwabo don kada ta yi tsalle idan rawa ta yi zafi, abin da ke cinye tsagar cikin ɗan lokaci, shi ya sa ma'aikacin kirki ba ya ba da aron faifan ofis ko da mai roƙon ɗan'uwansa ne.

Aikin da ya fi kowanne nuna gwaninta, wanda kuma ya ɓace sarai, shi ne saita farkon waƙa. Ma'aikaci yakan sa allura a tazarar da ke tsakanin waƙa da waƙa, ya juya faifan da yatsa a hankali yana saurare ta na'urar kunne har ya ji bugun farko, sannan ya mai da shi baya kamar rubu'in zagaye, ya riƙe shi a kan ƙyallen ulun da ke ƙarƙashinsa yayin da farantin injin ke ci gaba da juyawa, yana jiran mai gabatarwa ya rufe baki. Idan ya saki da wuri, kiɗa ya danne kalmar ƙarshe. Idan ya makara, shiru ya shiga iska. Idan kuma bai mai da shi baya sosai ba, waƙar ta tashi da gurnani kafin ta kai gudunta. Akwai wani dattijo cikin waɗanda suka horar da tsofaffin ma'aikatan nan, wanda ba ya barin sabon yaro ya taɓa allura sai ya yi watanni yana share faifai da rubuta kati, kuma yakan juya baya ya sa yaron ya saki waƙa, ya gane daga sautin kaɗai ko hannunsa ya yi rawa. Shi ne yake nuna wa yara cewa waƙar da jama'a suka fi nema ana gane ta da ido, domin yawan kai allura da komowa a wuri ɗaya yana goge daƙiƙar farko har wurin ya yi fari-fari, kuma a ganinsa wannan shaida ta fi duk wata ƙidayar wasiƙun masu saurare gaskiya.

Katin da ake sa yaro ya rubuta shi ne zuciyar ɗakin. A kansa ake sa sunan mawaƙi da na wanda ya tsara waƙar, da makaɗan da aka ambata a bangon faifan, da kamfani da lamba da shekara, da tsawon kowace waƙa, da harshen da aka rera ta, ko Myene ne ko Fang ko Punu ko Lingala, har da gargaɗi da fensir cewa waƙa ta uku a fuska ta biyu tana da tabo. Ba a iya cika kati sai an saurari fuskar faifai gaba ɗaya, kimanin minti ashirin, ba tare da tsallake komai ba, kuma ta haka ne ma'aikaci ke gano waƙar da kamfani ya ɓoye a ƙarshe ya fito da ita. A nan ya dace a tuna da Hausawan Gabon, waɗanda suka shigo ta Kamaru suka zauna a Bitam da Oyem tun zamanin mulkin mallaka, da fataken da ke kasuwar Mont-Bouët, domin su ma sun riƙe waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗan Maraya Jos, amma galibi a kaset suke samunsu, kwafi daga kwafi, ba bango ba suna, har ta kai ana jayayya a rumfa kan wace waƙa ce ta riga wata fita. Abin da ya sami waƙoƙin Hausa a kaset tun a wancan lokaci shi ne ya zo ya sami waƙoƙin Gabon a waya.

Game da sauti kuwa, gaskiyar da duk wanda ya yi aikin ya sani ita ce faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, ya fi faifan garmaho tsabta. Yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa ya mai da shi lambobi, ba ya gogewa da yawan saurare, kuma tazarar da yake iya ɗauka tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi ƙarfi ta zarce ta faifai nesa ba kusa ba. Faifan garmaho kuwa kyawun sautinsa yana raguwa yayin da allura ke matsawa tsakiya, saboda zagayen yana ƙanƙancewa alhali gudun juyawa bai canza ba, dalilin da ya sa masu tsara kundi suke ajiye waƙoƙi masu sanyi a ƙarshen fuska. Ɗumin da ake magana a kai, wani ɓangarensa ɗan gurɓacewar sauti ne mai daɗin ji, wani ɓangaren kuma ya samo asali ne daga yadda masu haɗa sauti na baya ba sa matse waƙa don ta yi ƙara kamar yadda aka koma yi daga shekarun 1990. Lokacin da waƙar Bane ta Oliver N'Goma ta mamaye nahiyar a farkon shekarun 1990, ma'aikata da yawa sun karɓi CD hannu biyu, kuma ba su yi kuskure ba.

Ɓarnar ta zo ne daga baya, da aka shiga zuba waƙoƙi a kwamfuta da tsarin MP3, wanda ke zubar da wani kaso na sautin don fayil ya ƙanƙance har ya koma kusan ɗaya bisa goma na girmansa. A wurare da dama an kwafi faifai ba a wanke shi ba, da allurar da ta riga ta mutu, aka sa wa waƙa lamba a madadin suna, sannan aka kwashe faifan da katunansa aka jibge a ɗakin da rufinsa ke yoyo, wato an yi tuya an manta da albasa. Masu tura waƙoƙi a waya suka gaji waɗannan fayiloli suka yaɗa, ta yadda a yau matashi zai ji jitar da ta motsa shi amma babu wanda zai gaya masa wanda ya kaɗa ta. Dillalan ƙasashen waje kuma suna zagaya biranen Afirka suna sayen tsofaffin faifai, kuma da wuya wanda ya tsallaka teku ya dawo, alhali akwai waƙoƙin Gabon na shekarun 1960 da 1970 da ba su taɓa fita a wani tsari ba sai a faifai.

Matasan da suke son faifai da gaske suna da aiki a gabansu wanda ya fi sayen injin juyawa. Su nemi tsofaffin ma'aikatan nan tun suna da rai da lafiya, su koyi wanke faifai da saita allura, su kwafi abin da ya rage a tsarin dijital da ba ya zubar da komai, su ɗauki hoton bango gaba da baya, kuma su rubuta sunan kowane makaɗi a jikin fayil ɗin kafin su tura wa kowa.