Kuɗin Kamfanoni a Siyasar Amurka Daga 1883 Zuwa 2010

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan karin magana ya taƙaita damuwar da ta daɗe tana cin ran masu mulkin dimokuraɗiyya, watau wanda ya ɗauki nauyin ɗan takara har ya ci zaɓe, me zai nema a hannunsa bayan ya hau kujera? Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun yadda Amurka ta yi fama da wannan tambaya cikin shekara fiye da 120. Za a ga cewa kusan kowace doka da aka kafa abin kunya ne ya haife ta, kuma kusan kowace doka kuɗi sun samo hanyar zagaye ta. Har ila yau za a ga cewa a ƙarshe gardamar ta koma kan ma'anar kalmomi biyu, “magana” da “rashawa”.

2.0 Mafarin Al'amarin

A tsakiyar ƙarni na 19 jam'iyyun Amurka sun fi dogara ga ma'aikatan gwamnati wajen tara kuɗin zaɓe. Jam'iyyar da ta ci mulki ita ke raba ayyuka ga magoya bayanta, sa'an nan ta riƙa yankar wani kaso daga albashinsu. A 1881 wani mutum da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe Shugaba James Garfield. Wannan ya sa aka kafa Dokar Pendleton a 1883, wadda ta kawo jarrabawar shiga aiki, ta kuma hana tilasta wa ma'aikata biyan kuɗin jam'iyya. Gyara ne mai kyau, amma da wannan rijiya ta fara ƙafewa sai jam'iyyu suka juya ga kamfanonin jirgin ƙasa da na mai da bankuna, waɗanda a lokacin suke bunƙasa, suke kuma da bukatu masu yawa a wurin hukuma.

Zaɓen 1896 shi ya fito da abin fili. William Jennings Bryan na Jam'iyyar Dimokurat ya nemi a buga kuɗin azurfa da yawa domin manoman da bashi ya danne su sami sauƙi. Masu bankuna kuwa suka ga cewa wannan zai rage darajar basussukan da suke bi. Wani attajirin kwal da ƙarfe na birnin Cleveland, Mark Hanna, shi ya jagoranci yaƙin neman zaɓen William McKinley na Rifablikan. Hanna ya mai da gudummawa kamar haraji, domin ya yanka wa bankuna kaso gwargwadon jarinsu, kamfanin mai na Standard Oil kuma ya ba da dala 250,000. An tara kimanin dala miliyan 3.5, abin da ya ninka na Bryan sau da yawa. Bryan ya yi tafiyar mil 18,000 yana jawabi, McKinley kuwa yana zaune ƙofar gidansa a Canton, jiragen ƙasa na kwaso masa jama'a a kan rangwamen kuɗin mota. McKinley ya ci.

3.0 Dokar Tillman ta 1907

A zaɓen 1904 Alton Parker ya zargi Shugaba Theodore Roosevelt da karɓar kuɗin manyan kamfanoni, Roosevelt ya musa. A 1905 majalisar jihar New York ta kafa kwamitin binciken kamfanonin inshora, Charles Evans Hughes ne lauyansa. Nan aka gano cewa kamfanin New York Life ya ba Rifablikan kimanin dala 48,000 a ɓoye. A watan Disamba na wannan shekara Roosevelt da kansa ya roƙi Majalisa ta haramta irin wannan gudummawa. A watan Janairu 1907 aka sa hannu a kan dokar da ke ɗauke da sunan Sanata Benjamin Tillman, wadda ta hana kamfanoni da bankunan tarayya ba da kuɗi ga masu takarar kujerun tarayya.

Ya kamata a lura da hujjar da ta fi tasiri a wancan lokaci. Abin da ya fusata jama'a shi ne shugabannin kamfanin sun yi kyauta da dukiyar da ba tasu ba. Kuɗin na masu inshora ne, cikinsu kuwa akwai 'yan Dimokurat da yawa da aka yi amfani da ajiyarsu aka yaƙi ɗan takararsu. Watau an ɗauki abin a matsayin cin amana. Sai dai dokar ba ta kafa wata hukuma mai sa ido ba. Saboda haka kamfani kan ƙara wa manajansa ladan aiki, shi kuma ya miƙa kuɗin da sunansa. Dokokin 1910 da 1925, waɗanda suka bukaci a bayyana masu gudummawa, su ma a takarda suka tsaya.

A 1943 aka faɗaɗa hanin ya haɗa da ƙungiyoyin ƙwadago, Dokar Taft-Hartley ta 1947 kuma ta tabbatar da shi. Ƙungiyar ƙwadago ta CIO ta ɓullo da dabara: ta kafa wani asusu dabam wanda membobi ke zuba kuɗi cikinsa da son ransu. Wannan shi ne asalin kwamitocin harkar siyasa da ake kira PAC, waɗanda daga baya kamfanoni suka fi kowa cin moriyarsu.

4.0 Watergate da Gyaran 1974

A 1971 aka kafa sabuwar dokar yaƙin neman zaɓe, wadda za ta fara aiki ran 7 ga Afrilu 1972. Maurice Stans, mai kula da kuɗin kwamitin sake zaɓen Shugaba Richard Nixon, ya yi gaggawar tara miliyoyin daloli kafin wannan rana domin kada a bayyana sunayen masu bayarwa. Binciken abin kunyar Watergate ne ya tona asirin. Kamfanin Gulf Oil ya ba da dala 100,000, American Airlines ya ba da 55,000, wasu kuma sun bi da kuɗin ta ƙasashen waje domin ɓad da sawu. Kamfanoni wajen 20 aka samu da laifi, amma tarar dala 5,000 da doka ta yanka ba ta kai cikin cokali ba. Wasu shugabanninsu sun ce tsoro ne ya sa suka bayar, domin lasisinsu da kwangilarsu na hannun gwamnati. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Nixon ya sauka a watan Agusta 1974. A wannan shekara Majalisa ta ƙayyade gudummawar mutum ɗaya ga ɗan takara a kan dala 1,000 a kowane zaɓe, ta PAC kuma dala 5,000. Ta sa iyaka ga abin da ɗan takara zai kashe, ta kafa Hukumar Zaɓe ta Tarayya, ta kuma tanadi kuɗin baitulmali domin masu takarar shugaban ƙasa.

5.0 Hannun Kotun Ƙoli

A watan Janairu 1976, a shari'ar Buckley da Valeo, Kotun Ƙoli ta raba dokar gida biyu. Ta amince a ƙayyade abin da ake ba ɗan takara, domin nan ne ƙofar cin hanci. Amma ta soke iyakar abin da ake kashewa, bisa hujjar cewa a zamanin rediyo da talabijin ba a isar da magana sai da kuɗi, don haka tauye kuɗin tauye 'yancin magana ne. Daga nan kuɗi suka bi ta inda aka bari a buɗe. PAC na kamfanoni, waɗanda 89 ne a 1974, sun haura 1,000 a 1980. Bugu da ƙari aka sami abin da ake kira “kuɗi masu laushi”, watau gudummawa marar iyaka da kamfanoni ke ba jam'iyya da sunan gina ta, wadda ta kai kusan dala miliyan 500 a zaɓen 2000. Dokar McCain-Feingold ta 2002 ta toshe wannan kafa, Kotun kuma ta goyi bayanta a 2003.

Ran 21 ga Janairu 2010 aka yanke hukuncin Citizens United, sunan wata ƙungiya da ta shirya fim na sukar Hillary Clinton. Alƙalai 5 suka rinjayi 4. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce ba a hana magana don mai yin ta kamfani ne, kuma kuɗin da aka kashe ba tare da haɗa baki da ɗan takara ba, ba su haifar da rashawa. Ya taƙaita ma'anar rashawa ga ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, watau ciniki ƙuru-ƙuru na kuɗi da alfarma. Samun shiga wurin mai mulki da samun kunnensa bai shiga ciki ba. Mai shari'a John Paul Stevens ya yi dogon raddi, yana mai nuna cewa kamfani ba ya jefa ƙuri'a, ba ya tsayawa takara, kuma masu shi na iya zama baƙi. Bayan wata biyu wata kotun ɗaukaka ƙara ta bi wannan hukunci ta halatta manyan PAC masu karɓar kuɗi ba iyaka. Hanin 1907 a kan ba ɗan takara kuɗi hannu da hannu yana nan, sai dai kamfani na iya kashe abin da ya ga dama a gefe, wani lokaci ta hannun ƙungiyoyin da doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su kuɗi ba.

6.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya, domin a 1979 ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, wanda ke bukatar ɗan takara ya nemi ƙuri'a a duk faɗin ƙasa, abin da ke cin kuɗi ƙwarai. Dokar Kamfanoni ta 1990 ta hana kamfani ba jam'iyya gudummawa, ta 2020 ma ta riƙe wannan hani. Duk da haka a 2003 manyan 'yan kasuwa sun taru da sunan Corporate Nigeria suka tara wa Shugaba Olusegun Obasanjo kuɗin neman zaɓe.

Abu biyu ne za a iya tsinta a nan. Na farko, doka marar mai tsaron ta ba ta hana kome, kamar yadda shekara 65 da ke tsakanin Tillman da Watergate suka nuna. Na biyu ya shafi masana harshe kai tsaye. Abin da aka kira cin amana a 1905, aka kira rashawa a 1974, shi aka kira magana a 2010, kuma kowane suna ya zo da hukuncinsa. Hausa ta bambanta kyauta da gaisuwa da toshi da cin hanci, alhali abin da ke wucewa daga hannu zuwa hannu ɗaya ne, niyya da matsayin mai karɓa su ke sauya sunan. Kotun Amurka ta ja layinta daf da cin hanci, ta bar gaisuwa a waje. Mai gaisuwa da dala miliyan 10 kuwa ya san ranar aski na nan zuwa.